Abin da aikin César Milstein ke koya wa mai aikin antibodi a Accra

Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kai shi kemis a Nima ko Maamobi ya san ɗan farin robar nan da ake ɗiga wa jini. A soki yatsa, a ɗiga jini kaɗan, a bi shi da ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya, ba a ga maleriya ba. Layi biyu, tana nan. Abin da ke fito da layi na biyun antibodi ne da aka shafa a jikin takardar da ke cikin robar, wanda ba ya kama komai sai furotin guda na ƙwayar cutar, galibi wanda ake kira HRP2. Tushen wannan fasaha wata takarda ce mai shafi uku da Georges Köhler da César Milstein suka fitar a mujallar Nature a watan Agusta na 1975, daga ɗakin bincike na MRC, hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, da ke Kambirij a Ingila.

Antibodi furotin ne mai siffar gwafa, kuma ƙwayoyin jini da ake kira B ne ke ƙera shi. Kowace ƙwayar B iri ɗaya tak take yi, amma da yake suna da yawa, jinin mutum gauraye ne na iri-iri. Da wannan gauraye aka fara magani. A 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna a Balin cewa ruwan jinin dabbar da ta samu kariya yana kare wata dabbar. Har gobe haka ake yin maganin dafin maciji, irin wanda ake nema ido rufe a arewacin Gana idan kububuwa ta sari manomi: a yi ta ba doki ko tunkiya dafi kaɗan-kaɗan, sannan a tace antibodin daga jininsu. Yana ceton rai, sai dai abin da wannan dokin ya bayar ba lallai ya zo daidai da na wancan ba, kuma jikin wasu mutane yana yin bore idan furotin ɗin dabba ya shige shi.

Darasi na farko yana cikin tarihin mutumin. An haifi Milstein a Bahía Blanca ta Ajantina a 1927. Rikicin siyasa ya sa ya bar ƙasarsa a 1963 ya koma Kambirij, inda masanin sinadaran jiki Fred Sanger ya ba shi shawarar ya karkata ga antibodi. Shekara goma da ɗoriya ya yi yana bin tambaya guda: yaya jiki ke iya ƙera antibodi iri miliyoyi? Magani bai shiga lissafinsa ba a lokacin. Shi da Köhler, wanda ya zo daga Basel a 1974, suna neman ƙwayar da za ta rayu a kwalba har abada tana fitar da antibodi ɗaya da aka san abin da yake kamawa, don su bi sauye-sauyen da ke faruwa a cikinsa. Neman kayan aiki ne ya kai su ga haɗa ƙwayar B da ƙwayar kansa ta mayeloma, abin da aka sa wa suna haibiridoma. A 1984 suka karɓi kyautar Nobel tare da Niels Jerne. Ba a yi rajistar mallakar fasahar ba, kuma Milstein ya riƙa aika ƙwayoyin mayelomarsa ga masu binciken da suka roƙa. A ganina wannan aikawa ta yi daidai da takardar a nauyi, domin ita ta sa wasu hannaye suka gwada hanyar a ɗakunansu suka ga tana ci.

Darasi na biyu shi ne a auna mai bincike da aikinsa. Ɗalibanmu na Jami'ar Gana da ke Legon, idan za su zaɓi malamin da za su yi digiri na biyu ko na uku a ƙarƙashinsa, sukan buɗe Google Scholar su duba lambar h. Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ta a 2005. Idan lambar mutum 40 ce, yana da takardu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Tana da amfani, amma ba ta bambanta takardar gwaji da takardar bitar aikin wasu, kuma ta bita ta fi saurin tara ambato. Ba ta kuma nuna ko sunan mutum ne na farko, wato shi ya yi aikin, ko na ƙarshe, wato shi ya jagoranta, ko kuwa yana tsakiyar sunaye ɗari. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki takardunsa biyar na gwaji, ka tsallake gabatarwa ka faɗa sashen da ya bayyana yadda aka yi aikin. An faɗi sunan antibodin da lambar kwafinsa da yawan da aka zuba? Wani ɗakin bincike da ba ruwansa da su ya maimaita ya samu abu ɗaya? An janye wata takarda tasa? Ɗalibansa na baya suna ina yanzu? Gani ya kori ji.

Ita hanyar haibiridoma, sai ka riƙe ta da hannunka za ka san abin da shafi ukun nan suka ɗauko. Bayan kwamitin ɗa'a ya amince, ana yi wa ɓera, galibi jinsin BALB/c, allurar furotin ɗin da ake so a kama, a maimaita duk mako biyu ko uku, ana ɗibar jini kaɗan ana duba ko antibodi ya hau. Kwana uku kafin ranar haɗi a yi allurar ƙarshe. Saifar ɓera ɗaya tana ba da ƙwayoyi kusan miliyan 100. Ana gauraya su da mayeloma irin SP2/0, kamar biyar na saifa ga ɗaya na mayeloma, a wanke su sarai da ruwan reno marar ruwan jini, domin furotin ɗin ruwan jini yana dunƙulewa idan ya gamu da PEG, sinadarin da ke sa ƙwayoyin su haɗe. Sannan a ɗiga mililita ɗaya na PEG mai ƙarfin kashi 50 cikin 100, a hankali, cikin minti ɗaya, a zafin digiri 37, ana juya kwalbar da sanyin hannu. Tsarma shi ma sannu a hankali ake yi, cikin mintuna. Mai gaggawa a nan ya kashe aikin wata biyu, don ƙwayoyin da suka haɗu fatarsu ba ta gama warkewa ba, kuma ruwa da yawa lokaci guda yana fasa su. Köhler da Milstein da ƙwayar cutar Sendai suka yi haɗinsu. PEG daga baya ya zo.

Daga nan a raba su a faifai masu rami 96, cikin ruwan reno na HAT. Hikimar tana nan. Sinadarin aminofterin da ke cikin HAT yana toshe babbar hanyar da ƙwaya ke ƙera DNA. Akwai hanya ta biyu mai buƙatar enzayim HGPRT, kuma mayelomar da ake amfani da ita ba ta da shi, don haka duk wadda ba ta haɗu ba sai ta mutu. Ƙwayar B tana da shi, amma ba ta daɗewa a kwalba. Wadda ta haɗa biyun ce kaɗai ke tsira. Kwanakin farko, idan ka leƙa madubin ƙara girma, gawarwaki kawai za ka gani, har sabon shiga ya ɗauka komai ya lalace. Wajen kwana bakwai zuwa goma sai ka hango ɗan curi na ƙwayoyi masu sheƙi a gefen rami, kamar ƙwan kifi. Idan ruwan ramin ya fara juyawa daga ja zuwa rawaya, sun yi yawa suna neman abinci, kuma lokacin gwajin ELISA ya yi, wanda ke nuna launi idan antibodi ya kama furotin ɗin da aka shafa a faifai.

Yawancin asara a nan take faruwa. Rami ya nuna launi mai ƙarfi, a yi murna, ashe antibodin robar faifan yake kamawa, ko madarar da aka shafa don toshe gurabe, ko ɗan wutsiyar His da aka liƙa wa furotin don tace shi. Maganin abin shi ne faifai na biyu da aka shafa wa wani furotin dabam mai irin wannan wutsiya; duk ramin da ya yi launi a faifan biyu a zubar da shi. Wani antibodin kuma yana kama furotin da ya baje a roba, amma bai gane shi ba a jikin ƙwaya mai rai, saboda haka a gwada shi tun da wuri a irin aikin da za a sa shi. Sai matsalar makwabta: rami ɗaya na iya ɗauke da haibiridoma biyu ko uku, kuma wadda ta daina fitar da antibodi ta fi saurin hayayyafa, cikin makonni kaɗan ta mamaye. Dole a tsarma su har ya zama bai fi ƙwaya ɗaya a rami ba, a sake gwadawa, a maimaita aƙalla sau biyu. A kowane mataki a daskarar da wasu cikin ruwa mai kashi 10 na DMSO, sinadarin da ke kare ƙwaya daga illar daskarewa, a sauke sanyin kamar digiri ɗaya a minti zuwa 80 ƙasa da sifili, sannan a mayar da su cikin ruwan naitirojin. A ƙasar da kowa ya san dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wanda ya bar ƙwayoyinsa a injin reno kaɗai ya jingina aikinsa da janareta. A riƙa gwajin ƙwayar cutar maikoplazma kuma, don ba ta gurɓata ruwa balle ido ya gani.

Daga ɓera zuwa gadon asibiti an sha tafiya. Antibodi na farko irin wannan da aka amince da shi a matsayin magani shi ne OKT3, a 1986, don hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa. Na ɓera ne zalla, jikin majiyyata kuwa ya riƙa ƙera antibodin da ke yaƙarsa. Greg Winter, shi ma a Kambirij, ya ɗauko 'yan lanƙwasan nan shida da ke yin kamun ya dasa su a jikin antibodin mutum. Ya samu Nobel a 2018. Rituximab ya fito a 1997, trastuzumab na kansar mama a 1998, adalimumab a 2002. A 2006 kuma, a Landan, mutum shida masu lafiya da aka ba wani antibodin gwaji mai suna TGN1412 suka kusa rasa rayukansu saboda garkuwar jikinsu ta tashi gaba ɗaya, alhali birai sun jure shi. Tun daga nan aka tsaurara yadda ake lissafa kashin farko, kuma ake ba mutum ɗaya a jira kafin a ba na biyu.

Wanda ke son ganin yadda tasirin mai bincike ke ɗaukar shekaru kafin ya bayyana, ya dubi Jean-Jacques Muyembe na Kwango. A ɓarkewar Ebola ta Kikwit a 1995, tawagarsa ta ƙara wa majiyyata takwas jinin waɗanda suka warke, bakwai suka rayu. Mutum takwas ba hujja ba ce, babu rukunin kwatance, kuma masana da dama ba su gamsu ba. Suna da gaskiyarsu. Amma daga jinin wani da ya tsira a Kikwit aka ciro antibodin mAb114 bayan shekaru. A gwajin PALM na 2018 zuwa 2019 a gabashin Kwango, kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka ba shi ne suka rasu, a rukunin da aka ba ZMapp, maganin da aka kwatanta shi da shi, kuwa kusan kashi 50. A 2020 Amurka ta amince da shi da sunan Ebanga. Shekara 25 ke nan tsakanin Kikwit da amincewar.

Kusa da mu, a Mali, Kassoum Kayentao da abokan aikinsa sun gwada antibodin maleriya CIS43LS a kan manya 330, aka buga sakamakon a 2022: ƙarin ruwa sau ɗaya, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, ya ba da kariyar kashi 88 cikin 100 daga kamuwa da maleriya har wata shida. An sauya amino asid biyu a gindin antibodin don ya daɗe a jini fiye da kwana 21 da aka saba. A yi lissafi: mai kilo 60 zai sha giram 2.4 ta jijiya, abin da ba zai yiwu a yi wa unguwa guda ba. Shi ya sa aka matsa zuwa L9LS, wanda ya fi ƙarfi har ana iya yin allurarsa ƙarƙashin fata ga yara. Irin waɗannan magunguna kuma a digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, ba a daskarar da su, ba a girgiza kwalbar, don furotin ɗin yana dunƙulewa. Cibiyar Noguchi da aka buɗe a Legon a 1979, da cibiyoyin bincike na WACCBIP a Legon da KCCR ta Kumasi suna zaune ne a tsakiyar mutanen da jikinsu ya shekara yana fama da maleriya, kuma a jinin irin waɗannan mutane ake samun ƙwayoyin B masu daraja. Takardar yardar mai ba da jini, da yarjejeniyar fitar da samfur, a rubuta su da kyau tun kafin a soki jijiya ta farko.

Ƙarfin antibodi mai iri ɗaya shi ne yana kallon wuri guda, kuma nan ne lagonsa. Da nau'in korona na Omicron ya zo da sabuwar siffa, magungunan antibodi da dama na korona suka daina ci, har Amurka ta dakatar da amfani da REGEN-COV a watan Janairu na 2022. Gudun irin wannan lago ne ya sa Inmazeb na Ebola ya haɗa antibodi uku. Robar kemis ɗin nan ma haka take. A 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin maleriya a Peru da suka yar da ƙwayar gadon HRP2, daga baya aka same su da yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin gwajinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan irin wannan kuskure ya kai kashi 5 cikin 100 a wata ƙasa, a koma ga gwajin da ke kama wani furotin, kamar pLDH. Don haka idan yaro yana ta zazzaɓi da rawar ɗari, roba kuma ta nuna layi ɗaya, a kai shi asibiti a shafa jininsa a gilashi a duba da madubi.