Na ɗauka shirun ɗana juriya ne

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma na yi shekaru ina auna ɗana da wannan karin magana kafin in gane cewa ba kowane yaro yake kamawa ba. Ɗana yana da otizim, wato lalurar da mutane da yawa ke kira galahanga, kuma fuskarsa takan kasance a sake a daidai lokacin da zuciyarsa ke tafasa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan hali, don haka ku ƙannena da kuka fara haihuwa, da matasan malamai, da yayyen da aka bar wa raino, da wuya ku gama rayuwa ba ku haɗu da irinsa ba. Kurakuran da zan faɗa muku duk da ƙauna na yi su, shi ya sa na daɗe ban gane kurakurai ne ba.

Lokacin da yake ɗan shekara 6, na yi imani cewa juriya kamar kanta take, wadda ke fitowa a tafin hannu idan aka daɗe ana aiki. Saboda haka duk inda hayaniya take nakan kai shi, ya toshe kunnuwansa yana kuka, ni kuwa in ƙi tafiya, ina cewa zai saba. Bayan wasu watanni ya daina kukan, na yi ta murna cewa dabarata ta ci. A cikin watannin nan ne kuma ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari, barcinsa ya lalace, ya fara cizon bayan hannunsa har ya yi tabo, amma ban haɗa wannan da wancan ba. Abin da ya koya a hannuna shi ne cewa kuka ba ya kawo ceto, sai ya haɗiye abinsa. Da na yi karatu tun da wuri da na san cewa likita Leo Kanner, wanda ya bayyana yara 11 masu wannan hali a Amurka a 1943, ya riga ya lura cewa ƙarar na'urar share ɗaki, ko ruwa mai zuba, ko iska ma, na iya jefa su cikin firgici mai tsanani. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wannan bambancin ji da gani da taɓawa a cikin alamomin da ake tantance otizim da su. Ƙarar da ni nake ji a matsayin damuwa kaɗan, shi yana jin ta ne kamar ciwo. Ana iya sabar da yaro da abin da yake tsoro, amma kaɗan-kaɗan, da saninsa, kuma da tabbacin cewa idan ya ce ya isa za a tsaya. Ni na cire wannan tabbacin, alhali a kansa komai ya dogara.

Haka na yi da kaɗa hannuwansa da jijjiga jikinsa. Ina jin kunyar idon mutane, sai in riƙe masa hannu in ce ya natsu, ban san da wannan motsin yake natsar da kansa ba, kamar yadda wani babba ke kaɗa ƙafa ko zagaye ɗaki idan ransa ya ɓaci. Idan motsin ba ya cutar da yaron ko wani, ku ƙyale shi. Idan yana cutarwa, kamar buga kai da bango, a nema masa wani abin da zai ba jikinsa irin wannan sauƙin, domin hani kaɗai yakan haifar da abin da ya fi na farko muni.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo idan na tuna shi ne yadda nake yi idan abin ya ɓarke masa. Akwai bambanci tsakanin rigimar yaro mai neman a ba shi wani abu da halin da yaro ke shiga idan abubuwa sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa. Mai rigima yana satar kallonka ya ga ko ka sauko, kuma da zarar ya samu abin da yake so sai ya yi shiru. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ba ya ma ganinka, ko ka ba shi duniya ba zai tsaya ba sai guguwar ta wuce da kanta. Ni kuwa a tsakiyar wannan hali nakan durƙusa a gabansa ina jera tambayoyi, me ya faru, me ke damunka, dube ni ka faɗa mini, kowace tambaya tana zama ƙarin kaya a kan wanda ya riga ya faɗi. Ko bayan ya huce ma bai iya amsawa ba, kuma daga baya na fahimci dalili. Akwai wani hali da likita Peter Sifneos ya raɗa wa suna aleksitimiya a farkon shekarun 1970, wato wahalar gane abin da mutum ke ji a ransa da sanya masa suna, kuma bincike ya nuna cewa kusan rabin masu otizim suna da shi. Da yawansu ma saƙon cikin jiki, kamar yunwa da ƙishirwa da gajiya da bugun zuciya, ba ya isa gare su da wuri. Ashe ina tambayarsa ne abin da shi kansa bai sani ba.

Abin da ya yi mana amfani daga baya mai sauƙi ne, sai dai ya ci lokaci. Idan abin ya taso, a rage haske, a rage magana, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a zauna kusa ba tare da taɓa shi ba sai in ya nema. Koyarwa kuwa sai ranar da hankalinsa ke kwance. Muka fara daga jiki kafin mu je ga sunayen fushi da tsoro: ƙirjinka yana bugawa da sauri, hannunka ya yi gumi, cikinka ya ɗaure. Muka zana masa ma'auni daga 1 zuwa 5, kowace lamba da abin da zai yi idan ya kai ta, kuma a lamba 4 yana da izinin barin wuri ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, aikinmu kawai mu ba shi hanyar nunawa.

Sai maganar makaranta, inda na zalunci mahaifiyarsa. Malamai suna cewa ba su da ɗalibi mai ladabi kamarsa, amma yana shigowa gida sai ya tarwatse, ni kuma na yanke hukunci cewa ita ce ta sangarta shi. Gaskiyar ita ce yana yini yana danne motsinsa, yana tilasta wa kansa kallon idon mutane, yana kwaikwayon yadda sauran yara ke dariya, har ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sauke kayan a wurin da ya fi amincewa da shi. Wannan ɓoye hali ya fi yawa a tsakanin 'yan mata, yana kuma cikin dalilan da ke sa a makara wajen gano lalurar a tare da su. Kusan yara 4 cikin 10 masu otizim suna fama da ciwon fargaba, saboda haka yabon da ake yi wa yaro cewa ba ya da matsala bai kamata ya kwantar muku da hankali ba. Ku ba shi sa'a guda ta hutu bayan makaranta, ba tambaya, ba aikin gida. Idan kuwa halinsa ya sauya farat ɗaya, ku fara da likita, domin ciwon haƙori ko kunne ko taurin bayan gida kan fito a siffar fushi ga yaron da ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo. Matashin da ya fara ambaton cutar da kansa kuma, a nemi ƙwararre a ranar.

Jadawalin hotuna na abin da za a yi a yini ya rage masa fargaba ƙwarai, amma a nan ma na wuce gona da iri, na tsare komai har ya zama ƙaramin sauyi na rushe masa yini. Sai muka riƙa sanya sauyi ɗaya ƙarami da gangan, mu sanar da shi tun da safe, mu yaba masa idan ya wuce shi. Na kuma daina ƙwace masa taswirorinsa a matsayin horo. Yana iya yin sa'o'i yana bin hanyoyin jiragen ƙasa na duniya a takarda, ni ina ganin ɓata lokaci ne, alhali nan ne wurin hutunsa, kuma ta nan ya samu abokinsa na farko. Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi ma yana da otizim, ya rubuta a 2012 cewa rashin fahimtar da ke tsakanin masu otizim da sauran mutane daga ɓangarori biyu yake zuwa. Na yi shekaru ina koya wa ɗana ya fahimce ni, ban taɓa zama na tambaye shi me ya sa layin dogo kaza ya fi burge shi ba.

Yanzu shekarunsa 15. Kwanan baya muna cikin wani ɗakin taro, lasifika ta yi wata ƙara mai kaifi, na ga ya fara murza yatsunsa. Ya matso ya ce, “Baba, na kai huɗu,” ya sa abin toshe kunnensa ya fita. Na zauna ina kallon ƙofa, ƙafata tana so ta bi shi, na hana ta. Bayan kamar minti 10 ya dawo ya zauna a kujerarsa, ya tambaye ni abin da aka faɗa bayan fitarsa.