Dalilin da ya sa ake ce min Ladan a tiyata

Juma'ar nan ce ranata ta ƙarshe a bayan famfo, wato injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin tiyatar zuciya, takarda na riga na miƙa. Yaran da muka koya wa aiki sun dame ni wai in bar musu wani abu a rubuce, to ga shi, amma ba zan tsaya bayanin haɗa layi da fitar da iska ba, wannan yanzu kun fi ni sauri ma.

Labarin wata yarinya zan ba ku, 'yar shekara 16 daga wajen Kurna, irin waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya bi ya cinye musu bawul ɗin zuciya, za a canza mata. Aka sa kilam, wato matsewar da ke tare jini, a babbar jijiya, na tura ruwan tsayar da zuciya mai sanyi digiri 4, layin monita ya miƙe, zuciya ta kwanta laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sabon shiga in ya ga haka ɗauka yake ta samu hutu, alhali bashi take ci. Fotasiyam ya hana ta bugu, wannan kaɗai ya sauke mata kusan kashi 90 cikin 100 na buƙatar oksijin, sanyi ya ƙara saukewa, amma ɗan ragowar nan tana nan tana cinsa kuma ba jinin da ke zuwa mata. Shi ya sa irin haɗin da muke yi lokacin, jini kashi 4 ruwa kashi 1, duk minti 20 sai an sake ba ta. Agogon kuma a hannuna yake.

Minti 20 ya cika na ce wa oga, likitan da ke tiyatar, "Yallaɓai lokaci ya yi", amma fa da muryar mai neman rance. Ya ce bari in ƙarasa ɗinkin nan. Na ja bakina na yi shiru. 25, 30, ina kallon agogo ina kallon ƙeyarsa, likitan barci ya kalle ni na kalle shi, sista ta sunkuyar da kai kan tire, kowa na jira wani ya fara. Ga fitilu suna dukan zuciyar, ga zafin Kano na watan Afrilu, esin ɗakin nan kuwa kun san halinta, ƙanƙarar da aka zuba wa zuciyar duk ta zama ruwa. A minti 38 layin ya fara 'yar rawa, wato tsoka ta farka tana aiki da yunwa. Sai a lokacin ya ɗago ya ce kai me ya hana ka faɗa.

Da aka cire kilam ta tashi, amma tashin mai zazzaɓi. Ɓangaren dama, shi da yake sama yana shan fitila, ya kumbura ya ƙi matsawa. Sau biyu muna komawa kan famfo, ana ta ƙara adirenalin, hannuna na rawa a kan makunni. Kwana 6 ta yi a ɗakin kulawa ta musamman, babarta na zaune kan tabarma a baranda da carbi, duk sanda na wuce sai ta ce sannu ɗan nan Allah ya yi albarka, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta rayu dai, Alhamdulillahi.

Ranar Litinin a mitin, gaban kowa, oga ya ce ruwana ne bai yi sanyi ba. Takardar famfo tana kan tebur da rubutun hannuna, minti 20, an sanar, ko kallonta bai yi ba. Na sake yin shiru, kuma wallahi wannan na biyun ya fi ci min rai har yau. Na yafe, amma mantuwa ba a hannuna take ba.

Haushi ne ya zaunar da ni karatu. A nan na ga tun 1955 Melrose ya tsayar da zuciya da fotasiyam a Landan, amma nasa ya yi ƙarfi yana lalata tsoka har aka watsar, sai a shekarun 1970 aka dawo da abin da ma'auni mai sauƙi. Na kuma karanta wani haɗin ruwan tsayar da zuciya da ake ce wa del Nido, wanda don yara aka fara yinsa a Amurka, bayarwa ɗaya tana iya kai minti 90. Ni na kawo maganar mu koma kansa, bayan wata biyu na ji ana cewa shawarar oga ce. To madalla. Ku dai kar minti 90 ɗin ya sa ku barci, in layi ya motsa a minti 50 ba ruwan zuciya da abin da littafi ya ce.

Sauran kun sani. In bawul ɗin babbar jijiya na yoyo kar ku yarda ruwa ya shiga don kun tura, ciki yake zubewa yana kumbura zuciya. In ta baya ake bayarwa, wato ta jijiyar da ke dawo da jini daga tsokar zuciya, ido na kan firesha, kar ya wuce 40. Zuciya mai kauri ta fi saurin jin yunwa. Ku taɓa layin ruwan da hannu ku ji sanyin, kuma a ƙirga ƙanƙara kafin a yanka fata.

Tun daga kan yarinyar nan nake faɗar lokaci da ƙarfi, in ba a amsa ba in maimaita duk minti biyu har a gaji da ni, daga nan Ladan ya bi ni. Agogon yana durowa ta biyu, batirinsa ya kusa mutuwa, wani ya canza kafin aikin Talata.