Hatimin notari shi kaɗai ba ya ƙetare iyaka

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar lauya mai lasisin notari, wato mai izinin shaidar sa hannu da sahihancin takardu, ya buga wa takarda jan hatimi, shi ke nan, ta zama abin karɓa a Alƙahira ko Istanbul. Ba haka ba ne. Jami'in da ke can bai san wannan lauyan ba, bai san sa hannunsa ba. Abin da ya sani shi ne hatimin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Abuja, su kuma na Abuja hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje ta Najeriya suka sani. Kowane ofishi yana shaidar sa hannun wanda ya gabace shi ne, don haka tsallake ɗaya yana ɓata sauran.

Ana yawan jin kalmar afostil, wato tambari guda da ke wadatarwa tsakanin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961. Najeriya ba ta ciki. Duk wanda ya ce zai samo maka afostil a kan takardar Najeriya, riƙe kuɗinka. Saudiyya ta shiga a 2022, amma wannan bai sauya komai ga takardunmu ba, tunda sai ƙasashen biyu duk suna ciki yake aiki.

Ga yadda ake bi. Takardun karatu, kamar shaidar digiri, sakamakon jarrabawa na jami'a, WAEC ko NECO, ana fara kai su Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja. Daga nan sai sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya, kuma a kan kowace takarda ake lissafi. A adana rasit. Takardar haihuwa kuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so. Ta asibiti ba ta wadatarwa. Babban da ba a yi masa rajista yana yaro ba sai ya yi rantsuwar shekaru a babbar kotu, ya kai wa hukumar ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa. Aikin notari ya fi ƙarfi a takardun da mutum ya rubuta da kansa: wakilci, izinin iyaye na tafiya da yaro, ko shaidar cewa kwafi ya yi daidai da na asali.

Kada a sa takarda a leda, wato laminatin. A bayan takarda ake buga hatimi a sa hannu, tawada kuwa ba ta zama a kan roba. Ɓare ledar yakan tafi da rubutun, ka ga an yi asarar takardar shekara huɗu don gudun ɗigon ruwa.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne suna. A WAEC an rubuta Mohammed, a digiri Muhammad, a fasfo Muhammed, ga kuma sunan gari da aka liƙa a sakandare, Gwarzo ko Funtuwa, wanda babu shi a fasfo. A wurinmu mutum ɗaya ne, kowa ya sani. A wurin jami'in da ke duba harafi bayan harafi, mutum uku ne. Maganinsa takardar rantsuwa a kotu cewa duk sunayen naka ne, da sanarwa a jarida, a haɗa su cikin waɗanda za a tantance tun farko. Matar da ta koma amfani da sunan miji ita ma haka.

Sai fassara. A ganina kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yin ta da wuri. Idan an fassara takarda kafin ta gama zagayenta, hatiman da aka buga daga baya ba sa cikin fassarar, alhali wasu hukumomi suna son a fassara har abin da ke cikin hatimi. Kuma ba kowane mai jin harshe ake yarda da shi ba: Jamus da Faransa suna da rantsattsun masu fassara da kotunansu suka amince da su, Turkiyya ma tana da nata, da notari na can ke tabbatarwa. Malamin Larabci na unguwa, komai ƙwarewarsa, fassararsa na iya dawowa. A ba mai fassara kwafin fasfo, a ce ya bi rubutun sunan yadda yake ciki. Idan kana da tsohuwar biza ko iƙama, wato izinin zama, mai sunanka da Larabci, ita za a bi, don "Sani" kaɗai ana iya rubuta shi ta hanya fiye da ɗaya.

Kafin ka biya ko kwabo, rubuta wa makarantar ko hukumar da za ta karɓa, ka tambaye su abu uku: asali suke so ko kwafi, wace fassara suke karɓa, kuma takardar 'yan sanda ta shaidar hali wata nawa take yi kafin ta tsufa. Ita wannan a bar ta ƙarshe, domin wa'adinta gajere ne. Jamus kuwa ba ta buga hatimin tabbatarwa a kan takardun Najeriya. Bincike take sawa a yi har inda takardar ta fito, kai za ka biya, kuma yakan ɗauki watanni.