Godiya ga Baba Mai Injekta da Duk Waɗanda Suka Tura Marsandin Mahaifina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau kwana 21 cur Marsandin marigayi mahaifina tana tashi da murɗa makulli ɗaya kowace asuba, cikin wannan hunturu da ko ruwan alwala sai an ɗumama. Na ƙi yin wannan rubutu tun makon farko, na ce sai na ga abin ya ɗore, domin sau uku a baya ina murnar an gama, bayan kwana biyu mu koma gidan jiya. Yanzu hankalina ya kwanta, alhamdu lillahi. Akwai mutanen da suke bina bashin godiya, kuma a bainar jama'a nake so in biya.

Duk wanda ya san layinmu a Unguwar Dosa, Kaduna, ya san motar. Ƙirar 240D ce ta 1982, mai shan gas, mai giyar hannu, ruwan madara. Ina firamare mahaifinmu ya saye ta, a cikinta muke zuwa Zariya kowace Sallah. Tun rasuwarsa Hajiya mahaifiyarmu ba ta son shiga wata mota in ba ita ba. Ta ce kujerar bayan ce kaɗai ba ta tayar mata da ciwon gwiwa, amma mu mun san abin ya wuce gwiwa. Sau biyu a wata nake kai ta asibiti saboda ciwon suga da hawan jini, kuma wanda bai isa kafin bakwai na safe ba, ya yini a layi. Saboda haka tashin motar nan da asuba ba ƙaramin abu ba ne a gidanmu.

A watan Agusta matsalar ta faro, a hankali. Da safe sai na yi mata kik sau biyu ko uku kafin ta kama, ta yi ta kakkarwa, ta fesar da farin hayaƙi mai yaji a ido, sannan ta daidaita. In ta tashi kuwa shi ke nan, ko sau goma na kashe ta a yini, taɓawa ɗaya take jira. Wannan ne ya ruɗe ni, ya kuma ruɗi duk wanda na kai wa ita, domin kafin in isa gareji ta riga ta yi zafi, babu abin da bakanike zai gani. Na farko ya ce batir ne, na sayi sabo. Na biyu ya kwance kik ya gyara. Na uku ya ce nozul ne, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji, aka canza duka huɗun. Ba na zargin ko ɗayansu da mugun nufi. Kowa iyakar abin da ya gani ya faɗa, kuma yawancinsu a kan motocin fetur masu kwamfuta suka koyi aiki. Amma kuɗi sun tafi, kusan albashin wata biyu, mota kuwa tana nan jiya i yau.

Da sanyi ya kankama a Disamba, sai ta daina tashi sam in ba da turi ba. A nan zan fara godiyata. Matasan masallacin layinmu, Allah Ya yi muku albarka. Wanda bai taɓa tura motar gas ba bai san wahalar ba: nauyi gare ta, kuma in ka saki kuloci a giya ta biyu sai ta turje kamar an taka burki, saboda ƙarfin matsin injin. Sai an kai ta har gangaren ƙarshen layi. Safiya sama da 40 yaran nan suna fitowa daga sallar asuba, su naɗe hannun riga su kama, hazo ya rufe ko'ina, leɓunansu a tsattsage. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi tsaki ba. Mai shayin bakin layi ma yakan bar tukunyarsa a kan wuta ya zo ya sa kafaɗa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wata Laraba a farkon Janairu. Wajen ƙarfe huɗu na dare sugan Hajiya ya faɗi, ta jiƙe sharkaf da gumi, ana mata magana ba ta amsawa sosai. Uwargida tana riƙe da ita tana ɗiga mata ruwan sukari a baki, ni kuma ina cikin mota ina murɗa makulli ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har batir ya mutu. Ƙarar kik ɗin ce ta tayar da Alhaji maƙwabcina. Ya fito da jallabiyar barci, ko hula babu, bai tambaye ni komai ba, ya dai buɗe ƙofar gidansa ya fito da motarsa. Shi ya kai mu, kuma bai bar asibitin ba sai da likita ya ce ta dawo hayyacinta. Alhaji, ba ni da bakin gode maka. Allah Ya tsaya maka ranar da kake buƙatar mai tsaya maka.

Bayan an sallamo Hajiya na yanke shawarar rabuwa da motar, domin wani ya riga ya ce mini ringi ya cinye, sai an sauke inji. Da na gaya mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai dai nemo wanda ya san ta. Mahaifinku bai taɓa kai ta wurin yara ba." Sai na tafi tashar Kawo wurin wani tsohon direba, aminin mahaifinmu, wanda muke kira Kawu. Shi ya yi mini kwatancen wani dattijo a Kurmin Mashi, can ciki bayan titin Nnamdi Azikiwe. Ya ce, "Ɗana, da tsohuwar zuma ake magani. Ka ce ni na turo ka."

Baba ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, kuma zan mutunta hakan. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ya ce mini ya shiga koyon aiki ne a daidai lokacin da kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma tun daga nan injin gas yake taɓawa, na manyan motoci da na tarakta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ko bonet bai buɗe ba. Ya ba ni benci, ya yi ta tambaya. Wane launin hayaƙi take yi? In ta yi zafi tana gardama? Yadda nake ajiye ta a gida, gabanta ne a sama ko bayanta? Fitilar hita ta gaban direba tana kawowa kafin in yi kik? Yaushe rabon da a saita bawul? Na ce, "Baba, fitilar ta daina kawowa tun damina, an ce mini ƙwai ne ya ƙone. Bawul kuwa tun Malam mahaifinmu yana da rai." Ya girgiza kai, ya sa yaronsa ya cire wani guntun tiyon mai ya maye shi da fari garau wanda ake ganin cikinsa, suka tura motar kan wani ɗan tudu gabanta a sama. Ya ce, "Bar ta ta kwana nan, Malam. Ciwon safe da safe ake duba shi. Gobe daga masallaci ka zo."

Washegari na iske shi cikin tsohuwar rigar sanyi, yaronsa riƙe da tocila. Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da abin a kaina. Ya ce motar gas ba ta da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistin ne yake matse iska, a wannan injin har ninki 21, iskar ta ɗau zafin da ya haura digiri 500, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Da safe ƙarfe ya yi sanyi, yana shanye wannan zafin, shi ya sa aka sa wa kowace silinda hita fulogi mai ɗumama ta kafin a yi kik. Duk abin da ya rage gudun kik, ko ya rage matsi, ko ya hana mai isowa da wuri, da asuba yake bayyana, da rana ya ɓuya.

Ya haska farin tiyon da aka sa jiya. Rabinsa babu komai, mai ya sulale ya koma tanki cikin dare. Ya ɗora yatsana a kan ɗan famfon hannu da ke jikin injekta, wanda ake murɗe farin kansa a buga in za a fitar da iska. Yatsana ya fito da danshin gas. Ya ce, "Inda mai ya samu hanyar fita, iska ta samu hanyar shiga." Robar cikinsa ta bushe saboda tsufa, haka ma ƙananan tiyo masu rigar zare da ke tsakanin nozul da nozul, duk sun tsattsage. Kullum da safe, ashe, sai kik ya gama jan iska kafin mai ya iso. Ajiye ta da nake yi a ƙofar gidanmu mai tudu kuma yana ƙara taimaka wa man ya koma baya.

Daga nan ya ɗauko mita. Batir ya nuna 12.6, cike yake, amma da na yi kik injin yana juyawa da nauyi. Sai ya ɗauki wayar jona batir, ya maƙala baki ɗaya a kan nagetif, ɗayan a jikin inji, ya ce in sake. Wallahi ƙarar ta canza nan take, kamar an sauke wa jaki kaya. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya ciro saƙaƙƙiyar wayar tagulla da ta haɗa inji da gangar mota, wadda wuta ke bi ta koma batir. Ta yi kore shar, rabin silinta ya tsinke. Sabon batir ɗina da gyararren kik duk ta wannan ruɓaɓɓiyar hanya suke aiki.

Hita fulogi kuwa ɗaya bayan ɗaya ya auna su. Ya ce lafiyayye ba ya kai 1 a ma'aunin om. Biyu sun nuna daidai, biyu kuwa mita ko motsi ba ta yi ba. Don in gani da idona ya ciro su ya jona da batir: cikin 'yan daƙiƙu bakin lafiyayyen ya yi jawur kamar garwashi, mataccen yana nan baƙi ƙirin. Ya ce ƙwan fitilata lafiyarsa ƙalau, a irin wannan ƙirar rashin kawowarta shi ne yadda motar ke sanar da kai akwai mataccen fulogi. Wata huɗu tana gaya mini, ban san yarenta ba.

A nan ne na faɗa masa cewa wani ya koya mini jiƙa tsumma da fetur in kara a bakin iska, kuma na yi sau biyu. Ya ajiye sifana ya dube ni ido cikin ido. Ya ce fetur yana kamawa tun kafin lokaci, balle in ya haɗu da fulogi mai zafi, ya bugi fistin yana kan hanyar hawa, ya karya ringi ko ya tsaga wani abu a kan inji. Ina roƙon duk mai motar gas da ke karanta wannan, don Allah kada ya gwada.

Bawul ya bari ƙarshe, tun injin na da sanyi, domin a haka ake auna shi. Da siraran ƙarafan awo masu kama da reza ya bi su duka takwas. Na shigar iska ratarsa milimita 0.10 ce, na fitar hayaƙi 0.30. Uku daga ciki ko mafi sirantar ƙarfen bai shiga ba, wato ba sa rufewa ruf, matsi yana zurarewa. Bayan ya saita su ne ya auna matsin silinda huɗun, suka fito kusan kai ɗaya. Ya shafa murfin injin da tafin hannunsa ya ce, "Babu mai sauke wannan. Ka riƙa kawo ta saitin bawul duk bayan kilomita 20,000."

Ina godiya ga ɗan kasuwar nan ɗan ƙabilar Ibo a Oriakpata, wanda ya ajiye mini fulogi iri biyu a kan kanta, ya faɗa mini gaskiya wanne ne mai ƙarko, ya kuma yarda aka gwada huɗun da batir a ƙofar shagonsa kafin in biya. Wurinsa muka samu famfon hannu sabon ƙira, baƙi, wanda dannawa kawai ake yi. Ina godiya ga matashin Tsohuwar Panteka da ya haɗa mana sabuwar wayar tagulla cikin minti 20. Ina godiya ga yaran Baba biyu, musamman ƙaramin da ya riƙe tocila yatsunsa na rawa don sanyi. Uwargida kuma, wadda ta ɗauko kuɗin adashinta ta ba ni ban roƙa ba, Allah Ya bar mu tare.

Abin da Baba ya karɓa na aikinsa bai kai kuɗin nozul ɗaya daga cikin waɗanda na canza ba. Na ƙara masa, ya mayar mini, ya ce in sayo wa Hajiya magani. Ya zuba mini tsofaffin kayan a leda, ya ce in ajiye in riƙa tunawa da inda ciwon yake. Duk mai tsohuwar motar gas da ke son kwatancen wurinsa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.

Talatar da ta wuce ce ranar asibitin Hajiya. Ƙarfe shida saura na kunna makulli, fitilar hita ta kawo, na jira ta mutu, na murɗa. Ta kama nan take, ba kakkarwa, ba hayaƙi. Daga kujerar baya Hajiya ta ce, "Muryarta ta dawo. Haka take yi lokacin Malam." Da muka fito daga ganin likita ta ce lallai sai mun bi ta Kurmin Mashi, ashe tun dare ta sa an dama fura an zuba a kula. Baba ya taso daga ƙarƙashin wata babbar mota yana goge hannu da tsumma, ya durƙusa daga gefen taga suka gaisa. Ta miƙa masa furar, ta ɗaga hannu ta yi ta yi masa addu'a, shi da iyayensa da zuriyarsa, yaransa biyu na tsaye a bayansa suna amsawa da amin.