Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rakiyar da ta kai ni Ikko

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar mahaifina Malam da yadda gida ya koma hannun Baffa. Ana cikin haka ne, a ƙarshen 1976, taubashina ɗan wajen Gwaggo ya zo ganin gida daga Agege ta Ikko, inda yake aikin goro. Lokacin ba mu farfaɗo daga farin 1973 ba, ga cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Saurayi kamata sai ya wuni bai taɓa kwabo ba.

Ranar da zai koma, ni na ɗaukar masa kaya zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano. Rakiya ce kawai. Muna tsaye ya dube ni ya ce, "Ɗan Kawu, me ka bari a gida da zai lalace in ba ka nan?" Na yi shiru. Ya je ya yanko tikiti na biyu. Na ba wani ɗan garinmu saƙo ya gaya wa Inna ta sa mini albarka, na shiga da rigar da ke jikina.

A kan wannan ne Baffa ya riƙe maganarsa har ya koma ga Allah: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A gaban Inna ya fara faɗinta, ba a yi mako da tafiyata ba.

Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, duk a tsaye ko a kan buhu na wuce su. A gadar Jabba na fara ganin kogin Kwara. Jirgin ya bi ta Agege amma ba mu sauka ba, domin taubashi yana da saƙon kuɗi da zai kai cikin tsibirin Ikko, sai Iddo, ƙarshen layi. Da ƙafa muka hau gadar Carter zuwa Idumota. Ruwa dama da hagu, motoci sun cushe ba gaba ba baya, hon ta ko'ina, masu talla suna ratsawa tsakaninsu da kaya a ka. Taubashi ya ce a irin wannan cunkoso aka harbe Janar Murtala a Ikoyi, ranar Juma'a 13 ga Fabrairun shekarar. Mu da muka yi kukansa a Kano, sai na ji garin ya ƙara mini nauyi. Ga shi ana ta gine-gine da fenti saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da za a buɗe a Janairun 1977.

A Idumota wata mai tiren burodi ta shiga tsakaninmu, kafin ta wuce na nemi taubashi na rasa. Ba Yarbanci, ba Turanci, ba sisi a aljihu. Duk wanda na yi wa sallama sai ya bangaje ni ya wuce, kuma ba don mugunta ba, kowa gudu yake kamar an ce gobara ta tashi a bayansa. Na raɓe jikin wani shago har la'asar. Can na hango wani dattijo mai yankan farce zaune a kan ɗan akwatinsa, da almakashi da soso a gwangwanin ruwan sabulu. Mutumin Damagaram ne. Ya dubi ƙafata da ƙurar da ke kanta ya ce, "Samari, yau ka sauka ko?" Ya saya mini gurasar Yarbawa da ruwa, ya ce kada in motsa, duk Bahaushen da ya ɓatar da wani a nan wajen masallaci yake zuwa cigiya. Bayan magariba kuwa sai ga taubashi. Wannan bawan Allah bai san ubana ba, bai ce gida ya bar ni ba.

A molue muka tafi Agege, doguwar mota mai ruwan ɗorawa, ina maƙale da ƙarfe, kwandasta na ihun Oshodi a kunnena. Muna sauka Zango sai na ji Hausa ta ko'ina, ga mai shayi, ga ƙamshin tsire. Goro ne ya zaunar da Hausawa a nan tun kafin a haifi Malam. Washegari aka zaunar da ni gaban tabarma, aka koya mini ware fari da ja, fidda marsa gefe, tsince mai sankara kada ya ɓata sauran, da jera ganyen fita a huhu yadda goro zai isa Kano bai bushe ba. Da wannan hannun na ci abinci, na yi aure, na gina ɗakin da Inna ta ƙarasa kwanakinta a ciki.

Kuɗin farko da na tara, direban babbar mota na ba ya kai wa Baffa, domin shi ne uba. Ya karɓa. A damina ta gaba ya ɗauki gonar fadama, rabona na gadon Malam, ya ba ɗansa na fari. Da Inna ta yi magana ya sake maimaita mata karin maganar. In gida ya bar ni, me ya sa bai bar kuɗina ba? Shekaru da yawa bayan haka, lokacin har an mayar da babban birni Abuja a 1991, 'ya'yansa biyu a ɗakina na Agege suka sauka da suka zo neman aiki. Na ba su tabarma, na kai su wajen maigidana. Ko sau ɗaya ban karanta musu maganar ubansu ba, kuma suna raye, a tambaye su.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka yi zaman gonar nan a gaban dagaci, da waɗanda suka ƙi ba da shaida.