Yadda muka sauke injin tsohuwar Land Rover muka sake haɗa shi

Motar Land Rover Series III ce, doguwa mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 1978. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a gwanjon motocin gwamnati, kuma ita ta riƙa fito mana da shinkafa daga fadama lokacin da hanya ke komawa taɓo zalla. Jikinta alminiyam ne, ba ruwansa da tsatsa. Injin ne ya gaji: shuɗin hayaƙi ta salansa, shan baƙin mai ba ƙaƙƙautawa, fitilar mai tana ƙyaftawa in ta ɗau zafi a silo, ga wata ƙwanƙwasa can ƙasa duk sanda aka ɗora mata kaya.

Kusan kowa shawara ɗaya ya ba ni, in jefar da shi in dasa injin Toyota ɗan Beljiyam. Ban raina shawarar ba, amma dashen yana zuwa da nasa dogon lissafin: sai an ƙera abin da zai haɗa shi da giyar motar, an sake mazaunin inji, kuma giyar Series ba ta son ƙarfin da ya wuce wanda aka yi ta dominsa. Shi kuwa nata injin, mai silinda huɗu da girman 2286cc, tun 1958 kamfanin Rover ya fito da shi, aka yi ta ƙera shi har cikin shekarun 1980. Bulo, wato gangar jikin injin, da tof, murfinsa na sama, duk baƙin ƙarfe ne, ƙarfinsa wajen doki 70 ne, an kuma bar masa kauri yadda za a iya gundure shi a sake haɗawa.

Wani dattijon bakanike na kai wa, wanda ya koyi aiki a kan irin waɗannan motoci tun yana saurayi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini.

"Kada ka sayo ko noti ɗaya sai mun buɗe mun auna," in ji shi.

Na ce, "Baba, ai ringi ne da metal, kowa ya sani."

Ya ce, "Wannan ai kowa ya sani. Abin da ya cinye su nake nema."

Da muka ɗaga tof, sai ya kama yatsana ya goga a bakin silinda ta ciki. Farce yana maƙalewa a wani tudu da ya zagaye bakin, daidai inda ringin sama ke tsayawa. Daga nan bai ce komai ba, ya juya wajen tukunyar tace iska. Waɗannan motoci ba da takarda suke tace iska ba. Tukunya ce da ake zuba baƙin mai a gindinta, iska ta faɗo kan man, ƙura ta maƙale, sannan ta bi ta cikin ragar waya zuwa kafireta. Tamu a bushe take ƙayau, sai dunƙulen laka a ƙasa, kuma tiyon da ya haɗa ta da kafireta ya tsage, wani ya naɗe shi da robar tayar keke wadda ita ma ta daɗe da zagwanyewa. Ke nan shekara da shekaru injin yana shaƙar ƙurar hunturu kai tsaye. Ƙurar nan yashi ne mai laushi. Tana cin silinda da ringi, ta gangara cikin baƙin mai, ta je ta ci karanshaf da metal, wato shimfiɗar ƙarfen da yake juyawa a kai. Ƙwanƙwasar da muke ji ta ƙasa daga sama ta samo asali.

Ɓarna ta biyu a hanyar ruwa take. Da muka fasa toshe-toshen ƙarfen da ke gefen bulo, jar laka muka tarar ta cushe bayan silinda ta huɗu har sai da waya muka riƙa tono ta. Aikin ruwan rijiya ne da ake ɗura wa lagireto. Babu kuma tamostat, wato abin da ke tare ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, an cire shi tuni, bisa al'adar nan ta cewa ƙasarmu da zafi, mota ba ta buƙatarsa. Ni dai ban yarda da wannan al'ada ba. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubahin hunturu, fetur ya riƙa wanke man da ke jikin silinda. Idan mota tana tafasa, a duba lagireto da famfon ruwa da irin lakar nan, cire tamostat ɓoye ciwo ne kawai.

Sai maganar awo. Faɗin silindar injin nan daga kamfani milimita 90.47 ne, ana kuma samun fistin masu ƙarin girma hawa-hawa, waɗanda masu yanka ke kira goma, ashirin, talatin da arba'in, wato kashi dubu na inci. Namu sai da ya je ashirin kafin zanen ya ɓace. Karanshaf kuma yankan goma ya ishe shi. Baba ya hana a taɓa bulo sai da fistin suka iso, muka kai su tare, domin mai gundura ya auna kowane fistin ya yanka ramin daidai da shi. Wanda ya fara yanka sannan ya tafi neman fistin, abin da kasuwa ta ba shi da shi zai zauna.

Kafin a shiga kasuwa kuma a san wane inji ke hannu. Har zuwa 1980 karanshaf ɗinsa a kan mazauni uku yake kwance, daga nan aka mayar da shi biyar, kuma kayan cikinsu ba duka ke shiga juna ba. Mai biyar ana gane shi da jijiyoyin ƙarfe da suka fito a jikin bulo. Namu mai uku ne. Gasket da sarƙar taimin da fulogi a Kofar Ruwa na same su, nan Kano. Fistin da metal da sil ɗin baya sai da aka aiko mini daga Ingila, inda har yau ake ƙera su saboda masu riƙe da irin waɗannan motoci.

A tof mun sake bawul da hanyoyinsu, muka kuma sa aka dasa mazauni mai tauri a bawul ɗin hayaƙi. An ƙera injin ne a zamanin fetur mai dalma, dalmar ce ke kare mazaunin daga ƙonewa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur tun farkon 2006, saboda haka tsohon tof da ke jan kaya yau a hankali bawul ɗinsa ke nutsewa.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wanki, kuma shi yaran gareji suka fi ƙi. Bulon da ya dawo daga wajen yanka yana ƙyalli, amma cike yake da garin dutsen da aka goge shi da shi, kananzir kuma ba ya ɗauke wannan gari. Ruwan zafi da garin sabulu da buroshi muka sa, ana wankewa Baba yana goga farin ƙyalle a cikin silinda. In ya fito da ɗan toka-toka, a koma. Ramukan mai na cikin karanshaf ma ɗaya bayan ɗaya aka zura musu ƙaramin buroshi aka hura iska. Haɗawa kuwa ba a filin gareji aka yi ba. Ɗaki Baba ya share, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya rufe ƙofa, duk abin da aka wanke a shafa masa mai a lulluɓe.

Ɗaurin notuna da sufana mai awo aka yi, ba da ƙarfin damtse ba: fam 85 a ma'aunin Ingila ga mazaunin karanshaf, fam 65 ga notunan tof, ana farawa daga tsakiya ana fita waje. Duk mazaunin da aka ɗaure sai ya juya karanshaf da hannu, in ya ji ya cije, a kwance a duba. Kowane ringi sai da ya sa shi cikin raminsa ya auna tazarar bakinsa kafin ya hau fistin. Inda muka fi shan wuya shi ne sil ɗin baya na mai mazauni uku, wanda tsagagge ne, ga wani siririn sifirin da ake zagaya masa, ga wasu 'yan toshe biyu a gefen murfin da ke son yagewa wajen turawa. Nan na ga dattijo ya kori kowa daga ɗakin, har ni mai motar.

Saura ƙananan abubuwa ne. Tazarar bawul kashi 10 cikin dubu na inci, da zafi ko da sanyi. Jerin wuta 1, 3, 4, 2. Kafiretar Zenith ce, kuma murfinta yakan lanƙwashe da tsufa har fetur ya riƙa zuba ta inda bai kamata ba. Sanfefa muka shimfiɗa a kan gilashi muka riƙa goga fuskarta har ta miƙe, muka sa sabon zoben roba. Tukunyar iska ta sha wanka, ta samu sabon tiyo da mai daidai layin da aka zana a jikinta. Lagireto aka fasa aka zare, aka mayar da tamostat.

Ranar tayarwa ba mu sa fulogi ba sai da muka juya injin har fitilar mai ta mutu. Da aka ɗaura su, bugu na biyu ya kama. Kilomita 800 na farko ba kaya, ba gudu, ba kuma barin ta tana silo na dogon lokaci, sannan aka juye mai, aka sake bin notunan tof da bawul.

Hayaƙi ya ɗauke, ƙwanƙwasa ta tafi, fitilar mai ba ta ƙara ƙyaftawa ba. Amma sabon haɗi bai mayar da ita wata mota daban ba. Tana wuce kilomita 80 a awa hira ta ƙare a cikinta saboda ƙara, fetur kuma tana shan sa yadda ta saba, wanda a farashin yau ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da na kashe ya yi kusa da na dasa ɗan Beljiyam, don haka wanda jigilar kan kwalta ce sana'arsa ba zan ba shi shawarar ya bi hanyata ba. Ni fadama nake shiga, inda ake jan jar sandar nan a sa ƙaramar giya, a nan kuwa injin da ke ja a hankali ba ya gajiya shi ake so. Yanzu da ƙarfinsa ya dawo, giya ta biyu ta fara fita da kanta in an ɗaga ƙafa a gangara, Baba ya ce in kawo ta bayan an gama girbi.