Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ni da Aradu

A makon jiya mun tsaya inda na baro garin Onne na jihar Ribas da jakata ɗaya tal, aka ce in nufi Legas. Ranar da na fara ganin Aradu, jirgin yaƙin sojojin ruwan Najeriya da aka tura ni, sunansa ya riga girmansa ɗauke mini hankali. Wani abokina ɗan Kalaba ya tambaye ni ma'anar Aradu, na ce masa a garinmu da ita ake rantsuwa, kuma wanda ya san ya ci kayan mutane ba ya kuskura ya ambace ta da damina.

Tarihinsa a bakin tsofaffin jirgin na ji shi, galibi wajen shan shayi. Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hambug ta Jamus, aka saka shi a ruwa a 1980, ya kama aiki a Fabrairun 1982, zamanin Shagari, lokacin da kuɗin mai ke magana. Tsawonsa mita 125, ga makamai masu linzami samfurin Otomat guda 8, ga babbar igwa a goshi. Ajantina ma ta sayi irinsa guda 4. In aka zo kan 1987 kuwa, shekarar da ya kafe a ƙasa har sau biyu ya kuma yi karo, sai kowa ya rage murya kamar ana zancen abin kunyar gida.

Ni rabona ɗakin inji ne, can ƙasan ruwa. Zafi kamar gidan burodi, ƙara kuwa sai dai a yi magana da hannu. Tsumma ɗaya a aljihu, tocila a baki, kana bin bututu da tafin hannu kana neman inda mai ke tsatsafowa. Alƙibla ma sai ka hau sama ka tambaya, don kafin ka sallame jirgi ya juya.

A 2005 aka ce za mu Ingila, bikin cika shekara 200 da yaƙin Tirafalga, yaƙin ruwan da Ingila ta yi da Faransa da Sifen. Mutane da yawa sun ce tsohon ba zai kai ba. Ya kai. Amma a mashigin Biske, tekun da ke gefen Faransa da Sifen, na yi aman da na ɗauka hanjina zai biyo. Ranar 28 ga Yuni muna jere a gaɓar Fotsmos, cikin jirage fiye da 100 na ƙasashe daban-daban, Sarauniya Elizabet ta zo wucewa a jirginta, aka jera sojoji a sama cikin fararen kaya. Ni kuwa lokacin aikina ne, ina ƙasa ina gadin janareto.

Da na samu waya na kira gida, tambayar farko da Inna ta yi ita ce, "Ka ga Sarauniyar?"

Na ce, "A'a Inna, ina wajen inji."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To me ya kai ka, ɗan nan?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai labarin dawowa.